Rowar Lada

Mutumin da ya cuci mahaifiyarsa da hidima, yana yi yana hawaye, yana ganin ibada yake yi, a wane layi zai tsaya ranar hisabi? Na daɗe ina juya wannan tambaya. Na kai ta gaban waɗanda suka fi ni karatu, kowa ya faɗi nasa, zuciyata ba ta kwanta ba. Amsa ba ni da ita, ya 'yan uwa. Labarin kawai nake da shi.

An yi wani mutum a nan Garwa, a unguwar Yelwa, yana sayar da kayan gyaran babur a kasuwa. Ba mashayi ba ne, ba macuci ba. Sahun farko ba ya wuce shi. Abu ɗaya ne ke cin ransa: lokacin da mahaifinsu ya rasu yana can Kusiri wajen fatauci. Ƙanwarsa Halime ce ta riƙe kan tsohon, ita ya sa wa albarkar ƙarshe. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma abin ya zauna masa kamar ƙaya a tafin ƙafa.

Sai Allah ya jarrabi mahaifiyarsu da shanyewar ɓarin jiki. Magana ta ɗauke. Hannun hagu kaɗai ke motsi.

Ranar da aka sallamo ta daga asibiti, maƙwabciyarsu Honorine ta tara 'ya'yan a tsakar gida. Kirista ce, ma'aikaciyar jinya a asibitin unguwa. Tsohuwar ce ta yi mata wankan jego a haihuwarta ta fari, don haka ita ma Dada take kiranta, kamar yadda 'ya'yan ke kira.

Honorine ta ce, "Wannan ciwo ba na mutum ɗaya ba ne. Mai kwance kamar waina ce a tanda, in ba a juya ta ba sai ta ƙone."

Ta raba musu aiki. Halime, wadda ta baro gidan mijinta a Gider don jinya, ita ce da wanka da shafa mai da duba fatar baya da ƙugu. Ƙaninsu Abdelkerim, direba, shi ne da sayo magani da taya ɗagawa. Babban shi ne da ciyarwa. Ita Honorine in ta taso aiki za ta leƙo ta auna jini. Duk wanda zai tashi, sai ya faɗa wa mai karɓarsa abin da ya gani.

Haka aka yi, kuma Allah ya sa wa abin albarka. Fuskar Dada ta fara cikowa. Ba ta iya cewa an gode, sai ta samu wata hanya. Duk wanda ya yi mata wani abu, sai ta ɗaga hannun nan na hagu ta ɗora masa a ka.

Wata rana da la'asar mutumin nan ya dawo daga kasuwa da lemo a leda. Ya tarar Halime ta gama yi wa Dada wanka tana durƙushe, hannun Dada na kanta, yana shafawa, yana shafawa, bai sauka ba. Ya tsaya a bakin ƙofa da ledarsa. Tsohuwar ƙayar ta motsa.

Ya 'yan uwa, Shaiɗan ba ya zuwa wa mai salla da kwalbar giya. Da darduma yake zuwa masa. Ya ce da shi: kai ne babba. Ba ka ji ana cewa aljanna tana ƙarƙashin ƙafar uwa ba? Ta uba ta wuce ka, wannan ma za ka bari a riga ka?

Mutumin nan ya rufe shago. Ya kai tabarmarsa ɗakin Dada. Ya fara da Abdelkerim, ya ce ya cika makara da magani, ya je ya yi tuƙinsa. Matarsa ya ce ta riƙa ajiye kwano a bakin ƙofa. Sannan ya juyo kan Halime, ya ce mijinta ya yi haƙuri ya isa haka, ta koma ɗakinta.

Ta ce, "Yaya, wa zai yi mata wanka?"

"Ni."

"Kai? Kai da ko ɗankwalinta ne ya zame sai ka sunkuyar da kai?"

"Na ce ni. Ko uwarki ce ke kaɗai?"

Da ta shiga yin sallama, Dada ta damƙe gefen zanenta. Shi ne ya durƙusa ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Sake ta, Dada, ga ni nan." Halime ta hau motar Gider tana kuka.

Saura Honorine. Ta zo, ya ce Dada tana barci. Ta dawo washegari, ya ce tana barci.

Ta ce, "Malam, Dada ta zama minista ne, ba a ganinta sai da randebu, sai an yanka wa mutum lokaci? Ka duba bayanta kuwa?"

Ya ce, "Mun gode, madam. Muna da Allah."

Ta ce, "Ni ma ina da shi. Ai shi ne ya ba ka ƙanwa."

Ya mayar da ƙofa ya rufe.

Kada wani ya ce bai yi hidima ba. Ya yi. Kun san zafin Garwa kafin saukar damina, lokacin da bango kansa ke huci. In wuta ta ɗauke, da mafici yake wuni a kanta har hannunsa ya sage. Da cokali yake ba ta kunu. Ya yanke mata farce, ya shafe ƙafafunta da man shanu har suna sheƙi. Ya rame, idanunsa suka faɗa.

Amma mutum ɗaya ba ya iya juya babbar mace yadda ya kamata. In kuma zai goge mata jiki, sai ya lulluɓe ta da zane, ya zura hannu da tsumma ta ƙarƙashi, ya kau da fuskarsa ga bango, kamar yadda ɗa mai kunya zai yi. Duk inda ɗa zai iya kallo a jikin uwarsa yana ƙyalli. Inda ba zai iya kallo ba, can ne yake ruɓewa.

In tsumman ya taɓa wurin sai ta yi nishi, shi kuwa ya tofa mata addu'a. Ta riƙa miƙa hannu wajen ƙofa, ya ɗauka haske ne ya dame ta, ya saki labule. Da ɗakin ya fara wari, ya sayo turaren wuta.

A masallaci kuwa ana nuna shi da yatsa. In an tambaya wa ke jinyar tsohuwa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne." Daɗin kalmar na ratsa shi har ƙashi.

Hannun nan na hagu ya daina tashi. Sai ya zama shi ne ke ɗaukarsa da kansa ya ɗora a kansa, ya riƙe don kada ya zame.

Da zazzaɓi ya rufe ta, ta daina haɗiyar kunu, ya ɗauki mota ya kai ta asibiti. Ma'aikata biyu suka juya ta, suka ɗaga zane. Ɗaya ta ja da baya. Likita ya kira shi.

"Zo ka gani."

"Uwata ce, likita."

"Shi ya sa. Zo."

Ya duba. Gyambo ne a ƙasan baya, ya fi tafin hannu faɗi, ya yi baƙi, ana hango ƙashi. Likita ya ce dafinsa ya riga ya shiga jini.

Ya tambaye shi, "Wa ke jinyarta?"

"Ni ne."

"Kai da wa?"

Mutumin nan ya buɗe baki, bai samu sunan kowa ba.

Abdelkerim ne ya buga wa Halime waya. Motarta na kan hanya Allah ya karɓi abinsa.

Aka kawo gawa gida. Mutumin nan ya shige ɗakin Dada da ita, ya tura sakata, ya zauna ya jingina da ƙofa. Mata sun taru da ruwa da ganyen magarya da likkafani. Maza na jira a waje. Shi kuwa ya san ɗa ba ya wanke uwarsa, ya kuma san abin da masu wanka za su gani in sun juya ta.

Ya 'yan uwa, mu tsaya a bakin ƙofar nan tare da su mu yi tunani. Me ya kashe wannan baiwar Allah? Ajalinta ne, babu shakka. Amma me ya sa ta sha wannan azaba a cikin shiru, da 'ya'ya uku da maƙwabciya mai ƙaunarta? Rowa ce. Mun san rowar abinci, mun san rowar dukiya, mun manta akwai rowar lada. Ladan Allah tuwo ne, da za a ce in wani ya sa hannu naka ya ragu? Ƙafar uwa ƙarama ce, da ba za ta ɗauki 'ya'yanta duka ba?

Majinyaci ba tsani ba ne da za ka taka ka hau aljanna. Mutum ne, yana da baya, kuma ba kai kaɗai za ka iya ganinsa duka ba. Allah da ya yi maka ido biyu, a gaba ya sa su. Ko kai ɗa ne a gida, ko ma'aikaci a asibiti, in ka ji ranka na ɓaci don an gode wa abokin aikinka, ka binciki kanka. Wa kake yi wa jinyar, mara lafiya ko sunanka? Ka faɗi abin da ka gani, ka tambayi abin da ba ka gani ba, ka matsa wa wanda ya fi ka iya wani ɓangare.

Halime ta iso da ƙurar hanya a ƙafarta. Ba ta buga ƙofar ba. Ta durƙusa ta sa baki a jikin katakon.

Ta ce, "Yaya, rana na yi. Dada na jira."

 Can sai aka ji ƙarar sakata. Ya fito yana dafa bango, bai iya kallonta ba.

Ya ce, "Shiga, Halime. A kira Honorine ta fara rufe ciwon, kada ya ɓata likkafani."  "Ku juya ta a hankali. Ku kama ku biyu."

Ya matsa gefe, mata suka shiga.

Allah ya jiƙan Dada. Shi kuma, Allah ya fi mu sanin inda zai ajiye shi. Ya Ubangiji, ka kiyaye mu daga alherin da muke yi don kanmu, ka ba mu zuciyar da za ta buɗe ƙofa tun mara lafiya yana numfashi. Amin.