Alƙali Nomau da Kututturan Gonar Tabawa

A zamanin da Ruwan Baure ke bakin iyaka, daga bayan ganuwarta sai daji da kuraye, an yi wani maharbi wai shi Nomau. Ana cewa kibiyarsa kan kewaye itace ta cim ma nama. Da girma ya zo ya rataye baka, ya yi karatu, aka naɗa shi alƙalin garin na farko, kuma ba a yanke magana a majalisar mai gari sai da shi. Maroƙa na yi masa kirari: "Nomau na Ladi, ido mai karanta ƙasa!"

Al'adar wurin ita ce, wanda ya sare daji shi ke da gona. Wata gwauruwa, Tabawa, ta shekara uku tana saran kurmi ita kaɗai don ta ci da jikokinta marayu. Da gonar ta yi kyau, sai Jatau ƙanen mai gari ya ce shi ya sare ta. Ya kawo shaidu goma sha biyu, ƙattai masu gemu, suka rantse ba kunya ba tsoron Allah. Tir da irin wannan gemu!

Mai gari ya kira Nomau gefe. "Malam, shaidu sun cika. Ka yanke kawai."

Ran Nomau ya ɓaci. "Ranka ya daɗe, ba na yanke gona daga zaune."

Ya kwashi jama'a zuwa gonar. Ya durƙusa yana shafa kututture ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya saba bin sawun barewa. Sa'an nan ya miƙa wa Jatau gatari ya ce ya sare wata ƙirya. Jatau ya sara da hannun dama. Aka ba Tabawa, ta kama da hagu, saranta ya kwanta daidai da na kowane kututture a gonar.

"Hannun hagu ya sare wannan daji," in ji Nomau. "Iya, gonarki ce." Ya juya ga shaidun ya daka musu tsawa: "Ku kuwa, abincin marayu kuka rantse a kai!"

Gari duka ya gani, ba damar tashin hukunci. Sai majalisa ta huce a kan alƙalin. Mutanen da ya shekara ashirin yana zama da su suka tuɓe masa rawani. Nomau bai roƙi kowa ba. Ya ɗauki gatari ya nausa gabas, da furfurarsa ya sake saran daji, talakawa suka bi shi gida gida.

Wurin nan shi ne Tungar Nomau. Har yau in an naɗa alƙali a can, gatari ake fara miƙa masa, kuma a tsaye yake shari'ar gona, cikin gonar. Ruwan Baure kuwa ta zama kufai, har gidan mai garin nomansa ake yi.