Takardar da Ma'aji Maiwada Ya Kulle a Akwati

A zamanin Turawa, a wata gunduma can wajen Ikara, an yi wani ma'aji mai suna Maiwada. Shekara ashirin da shida makullin baitulmali yana hannunsa. Hakimai uku suka zo suka same shi, biyu suka tafi suka bar shi. Ya san wanda ake gaisarwa a durƙushe da wanda ake gaisarwa a tsaye, shi ya sa duk rigimar da ta tashi a fada sai ta wuce ta bar shi daram. Kuma a faɗi gaskiya, ba a taɓa kama shi da cin ko anini na jama'a ba. Aibinsa girman kai ne. Ya gwammace ya kwana da ciwo da a ga kasawarsa.

Maiwada gwani ne a ajami, rubutunsa har sha'awa yake ba mutane. Ana nan sai Turawa suka ce daga yanzu takardun mulki da boko za a riƙa rubuta su. Aka turo masa magatakarda, Malam Iliyasu, wani magidanci ɗan Kudan da ya yi karatun boko a Zariya. Tun ranar farko Maiwada ya sa a ransa cewa kujerarsa aka zo ci. Sai ya faɗa a gaban fadawa cewa shi ai ya daɗe da iya boko. Ya aika kasuwar Makarfi aka sayo masa tabarau, alhali idonsa garau yake.

Dabararsa ita ce, in masinja ya kawo takarda daga birni, sai ya sa a dama masa fura, ya ja shi da hira har ya ji abin da ake ciki. Daga nan ya ɗora tabarau, ya ƙura wa takardar ido, ya gyaɗa kai. Shekara huɗu yana haka, ba wanda ya gane sai matarsa Hajo.

Wata rana ta ce masa, "Malam, da ka bar Iliyasu ya koya maka. Ko bayan la'asar ne a zaure, wa zai sani?"

Ya sha mur ya ce, "Ni in zauna gaban wanda na ci tuwon sunansa? Kada in ƙara jin wannan magana."

A shekara ta biyar fara ta sauka gab da kaka. Cikin kwana uku ta cinye dawa da maiwar ƙauyukan gabas, ta bar kara tsaye. Bayan mako biyu takarda ta iso daga birni. Masinjan sabo ne. Ya sha furarsa ya gode, da aka tambaye shi labari ya ce, "Wallahi, ranka ya daɗe, miƙo mini kawai aka yi."

Maiwada ya buɗe takardar. A cikin layukan nan duka kalma ɗaya ya gane, don ya saba ganin siffarta: haraji. Malam Iliyasu yana zaune kusa da shi, ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, ko in duba?"

Fadawa biyu suna bakin ƙofa suna ji. Maiwada ya ninke takardar ya ce, "Na riga na gani. Maganar haraji ce, irin ta kullum." Ya buga hatiminsa a littafin masinja, ya jefa takardar a akwati ya kulle.

Aka shiga karɓar haraji cif-cif kamar shekarar albarka. Wani dattijo mai unguwa daga gabas, Ɗan'azumi, ya zo ya faɗi gaban Maiwada ya ce, "Ma'aji, a duba mu don Allah. Rumbunanmu wayam suke, abin da ya rage iri ne kawai." Maiwada ya tausaya masa har cikin zuciya, amma ya ce umarni ne daga sama, ba yadda zai yi. Mutane suka sayar da awaki, suka sayar da iri. Majiya ƙarfi suka bazu Makarfi da Kudan ƙodago a gonakin rake. Wasu gidajen aka jingine musu asabari, masu su suka tafi ke nan.

Da bazara Baturen mulki, Di'o, ya zo rangadi, ya bi ƙauyukan gabas ya ga kufai. Ya sauka fada, aka tara dagatai da masu unguwanni. Ta bakin tafinta ya tambayi hakimi me ya sa duk gundumomin da fara ta taɓa sun aika sunayen ƙauyukansu, ban da wannan. Hakimi ya ce shi bai ji wata magana irin wannan ba. Aka nuna littafin masinja, ga hatimin Maiwada ɓaro-ɓaro. Aka buɗe akwati aka ɗauko takardar.

Hakimi ya miƙa masa ya ce, "Ma'aji, ni kowa ya san ban iya boko ba, shi ya sa nake da kai. Karanta mana mu ji."

Maiwada ya karɓa. Ya ɗora tabarau. Ya daɗe yana kallon takardar. Can ya cire tabarau ɗin ya ajiye a ƙasa, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ranka ya daɗe, ban iya ba. Ban taɓa iyawa ba."

Malam Iliyasu ne ya karanta, kansa a sunkuye, don shi ma abin ya yi masa nauyi. Takardar ta ce duk ƙauyen da fara ta ci, a aika sunansa kafin wata ya mutu, za a yafe masa harajin shekarar.

Nan take hakimi ya karɓi makullin baitulmali. Ba a ɗaure Maiwada ba, tunda ba abin da ya ɓata a ajiyarsa. Yana fitowa ya yi kiciɓis da Ɗan'azumi a ƙofar fada. Tsohon bai zage shi ba, bai ko ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ma'aji, jikokina biyu na binne kafin ruwa ya sauka. Ashe duk lokacin nan sauƙinmu yana cikin akwatinka." Maiwada ya sunkuyar da kai ya wuce gida. Ya rayu shekara shida bayan haka, bai ƙara bin hanyar gabas ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, riƙon amana bai tsaya ga tsare dukiya kaɗai ba. Duk wanda aka ɗora wa al'amarin jama'a, wajibi ne ya faɗi iyakar saninsa, ya tambayi wanda ya fi shi, ko da shi ne ya girmi wanda zai tambaya nesa ba kusa ba. Rashin sani ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne laifi. Kuma idan shugaba ya ɓoye jahilcinsa don kare girmansa, talakawan da ba su ji ba su gani ba su ne ke fara shan wahalar, kafin shi ma girman ya kuɓuce masa.