Ƙofar da Kurege Ya Gina Don Shamuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku 'yan kaɗan da kuka rage a bakin wutar nan.

Ta zo mu ji ta, Baba.

To, ku matso. Abin ya fara ne ranar Talata da hantsi, ƙarfe tara saura kwata in da dabbobi suna ɗaura agogo, a wani gari da ake kira Kuka-Ɗaya. A wannan sa'ar ce Kurege ya gama haƙa rami daga ƙarƙashin gadonsa har gindin rumbun iri na gari.

Sai na gaya muku al'adar garin, in ba haka ba za ku ɓata a hanya. Kowace kaka, kowane gida yakan zaɓi mafi kyawun gyaɗarsa da geronsa ya zuba a rumbu guda. Sai a liƙe bakin rumbun da laka, Sarki Gwanki ya danna kofatonsa a kai. Ba a fasa lakar nan sai ranar da Shamuwa ta sauka a kan kukar tsakiyar gari. Shamuwa kuwa baƙuwa ce, daga kudu take zuwa, damina na biye da ita. Ranar da ta sauka a fasa rumbu, a raba iri, kowa ya ɗauki sungumi. In ba ta sauka ba, ko an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya ba mai shuka, domin kakanninsu sun taɓa bin ruwan farko, ruwan ya ɗauke, iri ya ƙone a ƙasa.

Mai duban saukarta shi ne Kunkuru, tsoho, ba mata, ba ɗa, gidansa a gindin kukar. Ba shi da abokin hira sai ita. In ta zo ta ba shi labarin koguna da garuruwa, shi kuma ya ba ta labarin wanda ya mutu da wanda aka haifa. Damina suna hira, rani yana jira.

To, Kurege ya shiga rumbu ta ƙasa. Ya ce, "Ƙwaya ɗaya kawai, in ɗanɗana ko irin bana zai fito." Ya ci ɗaya. Ya ce, "Shaida ɗaya ba ta isa hukunci." Ya ci biyu. Yau ɗanɗano, gobe ɗanɗano. Kuma da yake Kurege ba ya cin abu mai hatsari shi kaɗai, kowace Juma'a yakan cika ƙoƙo ya kai fada. Sarki ya tauna, fadawa su tauna, Sarki ya ce, "Kurege, gyaɗarka ta bana sai ka ce ta iri." Kurege ya ce, "Albarkacinka ne, ranka ya daɗe."

Yau ɗanɗano, gobe ɗanɗano, har rannan ya miƙa hannu ya ji ɓawo. Ya sake miƙawa ya ji ƙaiƙayi. Ya yi tari, rumbu ya amsa masa. A waje kuwa laka na nan, kofaton Sarki na nan.

Ya zauna cikin ɓawo ya yi tagumi. Ya ce, "In Shamuwa ta sauka, an fasa rumbu. In an fasa rumbu, an fasa kaina. To, kada ta sauka."

Da safe ya tafi fada ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, jiya ban runtsa ba saboda garin nan."

Sarki ya ce, "Me ya sami garin?"

"Baƙi, ranka ya daɗe. Su zo ba sallama, su tafi ba ban kwana. Su sha ruwan tafkinmu, su cika itatuwanmu, su yi wa 'ya'yanmu kashi daga sama. Ko gayya ba su taɓa zuwa ba."

Sarki ya tuna ranar da kashin tsuntsu ya sauko masa a ƙaho ana tsakiyar zaman fada. Ya ce, "Wannan gaskiya ne. To, yaya za a gane baƙo daga ɗan ƙasa?"

"Da sauƙi. Ɗan ƙasa yana da rami a ƙasa. Wanda ba shi da rami, baƙo ne."

Fadawa suka dubi juna, domin Sarki Gwanki kansa ba shi da rami. Sarki ya karkata kai ya ce, "Ni fa?"

"Kabarin kakanka fa, ranka ya daɗe? Ai duk garin nan ba rami mai zurfinsa."

Sarki ya ji daɗi, ya ce a rubuta doka. Kurege ya ce doka ba ta tsayuwa sai da ganuwa, ganuwa ba ta tsayuwa sai da ƙofa, ƙofa kuma ba ta tsayuwa sai magina sun ƙoshi. A buɗe rumbun tsimi, wanda gari ke ajiyewa don baƙar shekara.

Kunkuru ya taso tun da asuba, sai yanzu ya iso fada. Ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara, tsuntsu ta sama yake zuwa. Ganuwa me za ta tare?"

Kurege ya ce, "Haba, Baba! Kai da kake yawo da ganuwarka a baya, mu ne ba ka so mu samu?"

Aka fashe da dariya. Kunkuru ya mai da wuya ciki. Aka naɗa Kurege Sarkin Ƙofa, aka ba shi mabuɗin rumbun tsimi.

Ya haye kogi ya ɗauko Gara da 'ya'yanta, don ba maginin da ya kai su. Suka gina ƙofa doguwa, da zanko biyu, da shafe mai kyau. Ranar da suka zo karɓar hatsinsu, Kurege ya ce, "Ina raminku a garin nan?"

Gara ta ce, "Namu yana ƙetare, kai ka ɗauko mu."

Ya ce, "Ashsha. To, ku ne baƙin farko da doka ta kama." Ya sa aka raka su bakin kogi da ciki ba komai.

Aka yi bikin buɗe ƙofa. Ga ƙofa tsaye a tsakiyar fili, dama ba bango, hagu ba bango. Masu zuwa biki suka riƙa kewaye ta, wasu ta dama, wasu ta hagu. Zomo ya ce, "Sarkin Ƙofa, ina ganuwar?"

Ya ce, "Tana cikin kashi na biyu. Sai an ƙara dami."

Aka ƙara dami. Kashi na biyu ya ci dami, ya nemi na uku. Abin da aka gani a ƙasa dai shi ne, Kurege ya hau kukar tsakiyar gari ya ɗaure ƙayar aduwa a kowane reshe, ba inda ƙafar tsuntsu za ta tsaya. Kunkuru na ƙasa yana kallo, ƙaya na faɗo masa a baya tana tsalle.

Iska ta juya, gajimare ya fara taruwa a gabas. Rannan sai ga Shamuwa. Ta kewaya kuka sau ɗaya, ta ga ƙaya. Ta sake kewayawa, ta ga ƙaya. Ta ga tsohuwar sheƙarta an zubar ƙasa. Kurege ya ɗaga murya ya ce, "Baƙuwa, ta ƙofa ake shiga!"

Ta sauka a fili, ta tako da ƙafa har bakin ƙofa, ta leƙa dama, ta leƙa hagu. Ta ce, "Yaro, wannan ƙofar ina take kaiwa?"

"Cikin gari. Ina raminki?"

"Rami? Ni a kan kukar can aka ƙyanƙyashe ni. Uwata ma haka. Tun kakanka bai fitar da gashin wutsiya ba muke sauka a nan."

"Sama ba ƙasa ba ce, Hajiya. Doka ta ce rami."

"To in haƙa yanzu?"

"Baƙo ba ya haƙa rami sai ya zama ɗan ƙasa."

"Yaya zai zama ɗan ƙasa?"

"Sai da rami."

Shamuwa ta dube shi da ido ɗaya, ta juya ta dube shi da ɗayan. Kunkuru kuwa tun da ya hango ta yake tafe, sai haki. Ya ce, "Uwar tafiya, sannu da hanya. Ki yi haƙuri, ki shiga ramina, a ce naki ne."

Ta ce, "Malam Sannu-sannu, ina wuyana, ina raminka? Ga ƙwai a cikina, ba zai jira doka ba. Akwai gawo a ƙetaren kogi, can zan sauka. Wa ya mutu bana?"

Kunkuru ya buɗe baki zai fara lissafi, Kurege ya ce, "Ba a hira a bakin ƙofa, ana tare hanya." Hanya kuwa ba kowa a kanta sai iska.

Shamuwa ta buɗe fukafukai ta tashi. Kunkuru ya tsaya da sunayen matattunsa a baki, har ta zama ɗigo.

Aka yi ruwa. Aka ce Shamuwa ba ta sauka ba. Aka sake ruwa. Aka ce Shamuwa ba ta sauka ba. Ciyawa ta rufe gonaki, sungumi na rataye. A ƙetaren kogi kuwa gero ya kai gwiwa. Zomo ya ce, "A fasa rumbun nan mana." Kurege ya dafe ƙirji ya ce, "Al'adar kakanni? A kan gawata!" Aka ce kai, Sarkin Ƙofa akwai riƙon gargajiya.

Sai fara ta zo, wadda da can Shamuwa da 'yan'uwanta ke cinyewa tun tana ƙarama. Ba ta tambayi ƙofa ba. Ta cinye ciyawa, ta cinye ganyen kuka, ƙaya kaɗai ta bari. Aka ce a buɗe rumbun tsimi a ci, aka tarar ƙofa ta riga ta cinye shi. Yunwa ta fi al'ada ƙarfi. Sarki Gwanki da kansa ya kai wa lakar rumbun iri ƙaho.

Ɓawo ya zubo. Ƙaiƙayi ya zubo. A gindin rumbu ga rami.

Kurege ya yi tsalle ya ce, "Kun gani? Baƙi! Mun tare su ta sama, sun biyo ta ƙasa! Ranka ya daɗe, sai an gina wata ganuwar a ƙarƙashin ƙasa."

Kunkuru ya ce, a hankali, "Baƙo ba shi da rami, kai ka faɗa. Mai rami ɗan ƙasa ne. Zomo, zura kai ka gani ina ya ɓulla."

Zomo ya zura kai, ya shige, ya daɗe. Sai ga shi ya fito daga gidan Kurege da bargon Kurege a ka.

Gari ya ɗauki ihu. Aka kama Kurege ta wutsiya aka kai gaban Sarki. Sarki ya sunkuyar da ƙaho. Kurege ya ce, "A bar ni in yi wa Sarki magana ɗaya a kunne, sannan a kashe ni." Aka bar shi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙoƙon Juma'a. Kai ka ce sai ka ce ta iri. In an tambaye ni a gaban jama'a, ba zan iya ƙaryata Sarki ba."

Sarki ya ɗaga ƙaho a hankali. Ya dubi fadawa, fadawa suka dubi ƙasa. Ya yi gyaran murya ya ce, "Wannan magana babba ce, ba ta gaggawa ba. Za a kafa kwamitin bincike. Da yake kuwa ba wanda ya san ramin nan kamar Sarkin Ƙofa, shi zai shugabance shi."

Haka Kurege ya tsira da wutsiyarsa.

Amma bincike ba ya shiga tukunya. Zomo ya fara tafiya, da matarsa da 'ya'yansa. Bushiya ta bi. Fadawa suka ce za su je gaisuwar rasuwa, ba su dawo ba. Duk wanda ya fita, kewaye ƙofar yake yi, wasu ta dama, wasu ta hagu. Ƙarshe Sarki Gwanki ya ce zai kai ziyara ƙetare. An ce da ya isa, Gara ce ta tare shi a bakin ruwa ta ce, "Ina raminka a garin nan?" Ya ce, "Kabarin kakana yana can baya." Ta ce, "To, ka ɗauko shi." Sai da Shamuwa ta leƙo daga gawo ta ce, "Bar shi ya shiga, na san gidansu," sannan aka ba shi rumfa a bayan gari.

A Kuka-Ɗaya Kurege yakan ɗaura rawani kowace safiya ya zauna a bakin ƙofa. Ba mai shiga, ba mai fita. Yana da dabara cike da kai, ba wanda zai yi wa ita. Rannan ya tare ƙadangare ya ce, "Ina raminka?" don kawai ya ji murya. Ƙadangare ya gyaɗa kai ya wuce.

Da shekara ta zagayo, iska ta sake juyawa, Kunkuru ya zo ya ce, "Kurege, ni ba na hawa itace. Hau ka cire ƙayar nan."

Kurege ya ce, "Dami nawa?"

Kunkuru ya ɗaga kai ya dubi kuka. Kurege ya dubi gari, ya dubi ƙofa, ya ajiye rawani ya hau. Ya kwance ƙaya reshe bayan reshe, tana sukarsa a hannu. Ya sauko, suka zauna a gindin kuka su biyu, kowa ya ɗaga kai.

Sai ga ta can sama. Ta kewaya sau ɗaya. Kurege ya miƙe ya yi ihu, "Hajiya, an soke doka! Ki sauka, ba rami, ba komai!"

Ta sauko ƙasa-ƙasa, ba ta taɓa reshe ba. Ta ce, "In na sauka, wa zai shuka? Me zai shuka?" Ta dubi Kunkuru ta ce, "Malam Sannu-sannu, wa ya mutu bana?"

Kunkuru ya ce, "Ba wanda ya mutu, uwar tafiya. Ba wanda aka haifa."

Ta juya a cikin iska ta nufi gawo.

Waɗanda suka rage a Kuka-Ɗaya su ne waɗannan: Kunkuru, don yana jira. Kurege, don in ya haye kogi Gara na nan. Kuka, ba ƙaya, ba sheƙa. Rumbu biyu, baki buɗe. Kabarin kakan Sarki. Kwamitin bincike, wanda har yau bai gama zama ba. Sai ƙofa, wadda tun da aka gina ta ba wanda ya taɓa bi ta cikinta.

Ƙurunƙus kan kurege. In za ka cinye irin garinku, ka bar ƙwaya ɗaya, don ka sami wanda za ka cuta baɗi. Ku tashi ku tafi gida, ku ja mini ƙyauren nan in kun fita.