Motar Soja Mai Suna Ajuji

Dalilin da ya sa ake kiran manyan motocin sojan nan masu salansa a tsaye Ajuji, yara, ba a ofis aka zaɓi sunan ba. Ku gyara zama ku ji.

A da, duk motar da ke barikin garinmu daga ƙasar waje ake kawo ta, kuma lamba gare ta, ba suna. Sai Saje Ɗalhatu, babban makanikin bariki, ya ce shi da mutanensa za su ƙera tasu. Ta farko ta mutu a bakin ƙofa. Ta biyu ta kama da wuta. Ta uku ta yi kwana tara, injinta ya fashe. Ta huɗu kuwa, ranar gwaji a gaban manya, ta yi tari sau biyu ta yi shiru.

Ɗalhatu ya ƙame a gaban Kanar ya ce, "Yallaɓai, famfon mai ne kawai. A ba ni kwana biyu."

Kanar ya ce, "Sau huɗu kana ba ni kunya, Saje. A ja ta a kai juji."

Aka ja ta bayan bariki inda ake zubar da matattun ƙarafa. Wata biyar tana can, har kaji suna yin ƙwai a ƙarƙashinta.

Da damina ta yi nisa, wata safiya gulbi ya ɓalle ya kewaye ƙauyen Tungar Rimi. Aka tura motocin waje guda uku, ruwa ya shiga salansarsu, duk suka mutu a hanya. A ƙauyen nan Gwaggo Tabawa take, ƙanwar mahaifin Ɗalhatu, wadda ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsa.

Ɗalhatu bai nemi izinin kowa ba. Ya ɗauki batir da sabon famfo ya nufi juji. Ya ɗaura, ya murɗa makulli, mota ta yi gurnani ta tashi. Sojojin da suka biyo shi don su yi dariya suka tsaya baki buɗe. Kanar ya fito daga ofis ya bi ta da kallo.

Salansarta a sama take, ta wuce kan direba, don haka ruwa bai same ta ba. Sawu biyar ta yi, ta kwaso mutanen ƙauyen kaf. A sawun ƙarshe Ɗalhatu ya zaunar da Gwaggo a gaba kusa da shi.

Ta ce, "Ɗan nan, ina kuka samo wannan?"

Ya ce, "Daga juji, Gwaggo. Uku da muka ƙera sun mutu kafin ita, ita ma aka yar."

Tsohuwa ta dafe ƙirji, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Kai ma daga juji na ɗauko ka."

Ɗalhatu ya taka birki a tsakiyar ruwa.

Ta ce, "Yayyenka uku ne, ba wanda ya kai yaye. Da aka haife ka, uwarka ta ajiye ka a kan juji, wai ko mutuwa ta ga ba a son ka ta wuce. Ni na je na ɗauko ka. Irinku Ajuji ake ce musu. Mahaifinka ne ya hana a kira ka haka, ya hana a faɗa maka."

Shekararsa arba'in da shida yana zaton shi ne ɗan fari. Sai da mutanen baya suka bubbuga ƙarfen motar sannan ya tuna ya ja ta.

Washegari Kanar ya ce a ba ta lamba, a ƙera wasu goma. Ɗalhatu ya ce, "Yallaɓai, tana da suna." Ya ɗauki fenti ya rubuta a goshinta da hannunsa.

Shi ya sa har yau kowace mota ta fito daga garejin barikin nan, kafin a zuba mata mai, sai an rubuta mata Ajuji a goshi.