Ƙwaryar Daddawar Goggo Dije

Sati biyu da dawowata daga Fatakwal, bayan shekara goma sha ɗaya, na kasa zama wuri ɗaya. Ran nan bayan la'asar a majalisar Baba Gambo wanzami, sai na ce mutanen Tungar Maje ko an taka wuyansu godiya suke yi. Baba Gambo ya naɗe askarsa ya ce, "Ɗan Fatakwal, zauna. Kana can kana cin kifi aka yi wannan." Ga abin da ya ba mu.

Goggo Dije mai daddawa, duk shekara in sabuwar kalwa ta fito, ƙwaryarta ta farko ofishin 'yan sanda take aikawa, gaisuwa ga mai ofis, yadda ta ga uwarta na yi. Wata ranar kasuwa ɗanta Ɗanjuma ya tsaya cikin mutane ya ce surukin ciyaman ne ke sare ɗorawar gari yana gawayi. Aka zo kama shi, ya tsallake katanga. Sai aka tafi da uwar, aka ce ta zauna har ɗanta ya kawo kansa. Ba wanda ya yi mamaki, don haka aka saba: a kai wa wanda aka tsare tuwo, a ce Allah ya kyauta. Goggo kuwa tana da ciwon suga. Kwana huɗu, ƙafafunta suka kumbura.

Na farko da ya motsa shi ne Barau, tsohon masinjan kotu. Karatunsa bai taka kara ya karya ba, amma shekara talatin ya yi tsaye bayan alƙalai da kunne buɗe. Ya je kantar ofishin 'yan sanda ya ce, "Ranka ya daɗe, doka ta hana a kama uwa don laifin ɗa. Kuma wanda aka kama, kwana ɗaya ko biyu a kai shi gaban alƙali. Yau kwananta huɗu." Mai ofis ya ce, "Tsoho, ka zama lauya ne?" Barau ya ce, "A'a, masinja ne ni, saƙo na kawo." Aka kwaɗa masa mari aka tura shi sel. Ya shiga bai roƙi kowa ba, don ya san ranar Alhamis majistare zai zo duba waɗanda ake tsare da su, kuma yana so ya same shi a ciki.

Ta biyu Uwani ce, maƙwabciyar Goggo, ita ma mai daddawa. Ta ji a bakin matar da ke share ofishin cewa za a ɗauke tsohuwar zuwa birni kafin Alhamis. Ta bi gida gida, ta tattaro mata sun fi arba'in da turamensu da tukwanen kalwar da ta kwana uku a rufe, suka baje a bakin ƙofar ofishin suna daka. Aka ce su tashi. Uwani ta ce, "Yallaɓai, titi na gwamnati ne, mu ma na gwamnati ne. Ba mu zagi kowa ba, ba mu jefi kowa ba." Wari ya cika ofis, 'yan sanda na toshe hanci da huluna. Aka harba musu barkonon tsohuwa, ta ce su ƙara, ita da hayaƙin kara ta girma. Kulki ya karya mata hannun dama, hannun da take daka da shi. Amma kwana biyu motar da za ta ɗauke Goggo ba ta sami hanyar fita ba.

Na uku Kofur Markus ne, baƙo a garin, shi ke riƙe da littafin da ake rubuta wanda aka kama da ranar da aka kama shi. Mai ofis ya ce ya yage shafin, ya rubuta cewa jiya aka kama Goggo kan zagin hukuma. Markus ya ce, "Oga, abin da ya faru na rubuta, hannuna ba zai yi wani ba." Ran Alhamis aka ɓoye Goggo a ɗakin ajiye kaya. Majistare na shigowa Barau ya ɗaga murya daga sel ya faɗi inda take. Aka fito da ita, mai ofis ya rantse jiya ta zo. Markus ya buɗe littafin ya ajiye gaban majistare, ga rana, ga dalili: "a madadin ɗanta." Nan take aka saki Goggo da Barau. Kafin wata ya ƙare an cire wa Markus igiyarsa an jefa shi wani ƙauyen bakin iyaka.

Da kalwa ta sake fitowa, mai ofis ya aiko a karɓo gaisuwa kamar kullum. Goggo ta ce wa ɗan aiken, "Ka ce masa ya je wurin mai gawayi ya karɓa." Ta rufe ƙwaryar da faifai, ta ce wanda ya fito da ita daga sel shi zai ci, kuma ba za a raba ba, don da ake kai wa mai ofis ma ba a raba wa kowa.

Baba Gambo ya dube ni ya ce, "Ba don Barau ba, da har yau muna ɗauka doka ce. Ba don Uwani ba, da majistare ya tarar da ɗaki wayam. Ba don Markus ba, da ƙarya ta zama takarda. To, kai da ka ce ba mu iya ɗaga kai, da ku sauran masu zaune, ƙwarya ɗaya ce: ƙofar wa za a kai ta?"