Tokar Murhu da Hatimin Sarki

An yi wani sarki a Birnin Marke ana ce da shi Tunau, mutum ne mai fara'a da son raha, wanda Allah ya albarkaci ƙasarsa da wani ƙasaitaccen dajin kaɗanya. Daga dajin nan ake samun man kaɗe, wanda uwaye ke shafa wa jarirai, manoma ke kashe kaushi da shi, amare kuma ke gyaran jiki, har sunansa ya kai garuruwa masu nisa. Da abin ya bunƙasa sai 'yan algus suka shiga cuɗa shi da kitse suna sayarwa da sunan birnin. Saboda haka sarki ya ƙudura zai zaɓi gida guda ya ba shi hatiminsa, a riƙa bugawa a jikin kowane tandun mai, ya kuma damƙa masa dajin baki ɗaya.

Mutum biyu suka fito nema. Na farko Cindo, attajiri ne mai jakuna da barori da tukwane manya, ga tsafta, ga iya gaisuwa. Ta biyu Iya Tasalla, tsohuwa ce da ke shugabantar matan ƙauyen bakin dajin, waɗanda tun kakanninsu da tsintar ƙwarar kaɗanya suke rufa wa kansu asiri. Kowa ya ajiye tandunsa a fada, sai sarki ya dubi wazirinsa Nomau ya ce, "Waziri, ga mai kashi biyu, launinsu ɗaya, ƙamshinsu ɗaya. Na ba ka kwana bakwai ka rarrabe mini wanda ya cancanta, da hujjar da kowa zai gani da idonsa, domin ba na son a ce na ba mai dukiya don dukiyarsa, ko na ba tsohuwa don tausayi."

Waziri ya faɗi ya yi godiya, ya kwashi tanduna ya tafi gida. Shi kuwa dama mutum ne mai faso, irin wanda in yana tafiya kan tabarma sai ka ji tana kuka. Ya ce to, ga alƙalai biyu Allah ya ba shi kyauta. Ya riƙa shafa na Cindo a ƙafar dama, na Iya Tasalla a ta hagu, safe da yamma. Kwana huɗu ƙafafun duka suka yi sumul, babu wadda ta fi wata, uwargidansa tana ta yi masa dariya wai ya warke amma shari'arsa ta kamu da ciwo. Abin ya dame shi ƙwarai, don ya san in ya kuskure, ko ya zalunci mutumin kirki, ko ya raba mata masu yawa da abincinsu.

Ran kwana na biyar da hantsi ya fita zagaya gari, ya bi ta bayan gidan Cindo inda ake dafa ƙwara. Hayaƙi ya bugi hancinsa, sai ya tsaya cik. Shi ɗan ƙauye ne, mahaifiyarsa kuma mai yin man kaɗe ce, ya tuna ranar da ta zane shi da tsumagiya don ya jefa ɗanyen reshen kaɗanya a murhu. Warin nan bai ɓace masa ba, shi ne kuma yake ji yanzu. Amma hanci ba ya zama shaida a gaban sarki, don haka ya aika wa ɓangarorin biyu saƙo iri ɗaya, cewa ranar hukunci kowa ya zo da tokar murhun da ya dafa mansa.

Cindo ya ɗauka waziri yana son ya auna girman aiki ne, ya yi murna har da ba ɗan aike goro. Ranar ta zo, ya shigo fada da jakuna bakwai niƙi-niƙi da toka, aka zube ta tuli guda, fadawa suna ta atishawa. Iya Tasalla kuwa ta shigo da 'yar ƙwarya rufe da faifai, ta durƙusa ta ce, "Allah ya ba waziri nasara, a gafarce ni, ban sami toka ba. Mu da ɓawon ƙwarar da karan dawa muke hura wuta, da dusar da ta rage in an kwashe mai. 'Yar tokar da ta fita kuma tace ta muke yi, mu dafa sabulun salo. Ga abin da ta zama." Ta buɗe faifai, sai ga curin sabulu uku.

Waziri ya tura hannu cikin tulin Cindo, ya zaro guntun gawayi mai kauri kamar damtse, ya ɗaga kowa ya gani, ya ce, "Malam Cindo, wannan wane itace ne?"

Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, kaɗanya ce, ba na ɓoyewa. Amma ban taɓa mai 'ya'ya ba. Na sa barorina su zaga, duk wadda suka ga bana ba ta haihu ba, juya ce, su sare ta, don kada ta riƙa tare wuri a banza."

Iya Tasalla ta dafe ƙirji, ta ce, "Ɗana, ba juya ba ce, hutawa take yi. Kaɗanya in ta cika 'ya'ya bana, baɗi takan yi shiru, ta tara ƙarfi. Waɗanda ka sare su ne suka ciyar da mu bara, da kuma su ne za su ciyar da mu baɗi. Sabuwa kuwa sai ta shekara ashirin kafin ta jefo ƙwara ɗaya."

Sai waziri ya juya ga sarki ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, man nan biyu a jikin mutum daidai suke, ƙafafuna shaida ne. Bambancinsu yana ga abin da kowanne ya bari a bayansa. Wannan ya ƙona uwar don ya dafa 'ya'yanta, in ya riƙe dajin shekara goma, hatimin sarki zai rasa tandun da za a buga shi. Waccan kuwa ko tokarta wanka ake yi da ita. Sai dai ina roƙon a lura, bawan Allahn nan jahilci ne ya ja shi, ba mugunta ba, tun da da bakinsa ya faɗi gaskiya."

Cindo ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi, ya ce, "Iya, ki yafe mini. Gobe zan sa a tumɓuke kututturan, in share muku wurin."

Ta ce, "Kul, kada ka taɓa su. Da ransu. In damina ta sauka za su yi toho, abin da suke buƙata kawai a kewaye su da ƙaya saboda awaki."

Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce, "Malam Cindo, ka kusa yi mana ɓarna ta biyu a cikin tuba." Nan take ya damƙa hatimi da daji a hannun Iya Tasalla da matanta. Ya hukunta wa Cindo shingen kowane kututture, sa'an nan ya ce tun da yana da jakuna kuma ya san hanyoyin fatauci, shi zai riƙa kai man matan kasuwannin nesa, a raba riba bisa yarda. Waziri kuma aka yafa masa alkyabba, aka ba shi gona a gefen dajin. Mata suka rangaɗa guɗa, aka yi ta kiɗan ƙwarya har la'asar.

Da za a tashi, sarki ya tambayi tsohuwar ko tana sa ran cin 'ya'yan tohon nan. Ta yi murmushi ta ce, "Ni kam a'a, ranka ya daɗe. Amma ina da jika mai wata uku, ita za ta tsinta."

Sarki ya ce, "Ashe da ita aka yi shari'ar nan, ba mu sani ba." Ya sa magatakarda ya rubuta a ƙofar fada cewa adalcin mai mulki ba ya cika sai ya fitar da rabon waɗanda ba su isa zuwa gabansa su yi ƙara ba.