Baƙar Azarar da Aka Zubar

An yi wani magidanci a wani ƙauye, wanda ya ci gadon gidan mahaifinsa. A tsakiyar gidan akwai ɗakin soro guda, inda tsohuwarsa take zaune. Da azara aka rufe ɗakin nan, irin wadda ake tsagawa daga namijin giginya, a jera, a shimfiɗa zana a kai, sa'an nan a ɗora ƙasa. Mahaifinsa ne ya sare giginyar da hannunsa, tun ba a haifi shi magidancin ba. Damina arba'in da 'yan kai ta zuba a kan rufin nan, ko ɗigo bai taɓa yi ba. Gara ta sha zuwa, ta rasa inda za ta kafa baki, ta koma. Aibin azarar ɗaya ne, hayaƙi ya mai da ita baƙa ƙirin.

Wata shekara gona ta yi kyau, mutumin ya sami abin hannu, baƙi suka fara zuwa gidansa. In sun shiga gaida tsohuwa, sai ya ga kamar kowa rufin yake kallo. Ba wanda ya ce masa uffan. Shi kaɗai ya ƙirƙiro wa kansa kunya, ta kuma hana shi sakat.

Ran kasuwa ya tarar da wani mai sayar da katako fari fat, an goge shi sai sheƙi yake yi. Mai katakon ya bubbuga shi ya ce, "Maigida, wannan mai ƙarko ne. Ga ƙwari, ga aminci. Ba ya ruɓewa, gara ba ta kusantarsa. Har jikokinka sai sun gaji da ganinsa."

Itacen rimi ne fa, wanda aka sare ko wata biyu ba a yi ba! Itacen da bai taɓa ɗaukar damina ko ɗaya ba, a gidan wa ya samo ƙarko? Amma abin da kunnen mutumin nan ke so ke nan, sai ya saya.

Ya kirawo magini. Maginin ya danna farce a jikin katakon, farcen ya shige. Ya ce, "Maigida, wannan ba zai ɗauki ƙasa ba." Mutumin ya ce aiki ya kira shi yi, ba shawara ba.

Tsohuwa kuma ta ce, "Ɗan nan, ka bar mini azarata. Ni ce a ƙarƙashinta, ban kuwa ce maka ta dame ni ba."

Ya ce, "Inna, zamani ya wuce wannan. Kunya kike sa ni ji a gaban mutane."

Ku ji fa! Rufin da ya tsare shi tun yana rarrafe, yau shi ne abin kunya. Aka kware ɗakin, aka rufe shi da farin katakon, aka zubar da azarar a bayan gida don a yi makamashi da ita. Wata gwauruwa, maƙwabciyarsu, wadda ta tayar da bangon ɗaki ta rasa abin rufewa, ta zo ta roƙa. Ya yi dariya ya ce, "Kwashe, kin rage mini shara."

Damina ta fari ta wuce lafiya, ta biyu ma haka, mutumin yana ta nuna wa baƙi farin rufinsa. A shekara ta uku tsohuwa ta ce masa wani gari-gari na zubo mata a cikin ƙwarya. Ya ɗaga kai ya duba, ya ga katako fari kamar jiya, ya ce ba kome. Ashe gara ta cinye cikin tas, ta bar masa fatar waje.

Da marka ta kama, aka kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ran kwana na ukun da tsakar rana, matarsa ta ji rufin yana ƙara, ta ruga ta jawo tsohuwa. Ba su kai ƙofa ba rufin ya rufto, ya danne wa tsohuwa ƙafa ya karya ta. Sauran ɗakunan gidan na ciyawa ne, duk suna yoyo. Dole mutumin ya goya uwarsa cikin ruwan nan zuwa ɗakin gwauruwa, gama nan ne kaɗai wuri busasshe a kusa.

Da aka kwantar da ita, tsohuwa ta ƙura wa rufin ido. Ta ɗaga hannu, ta nuna wata azara ta ce, "Ka ga saran can? Gatarin mahaifinka ne." Mutumin ya duba, ya sunkuyar da kai.

To, ga ma'anar misalin nan. Azarar ita ce Maganar Allah, da bangaskiyar da iyayenmu suka riƙe cikin yunwa da ciwo da tsanani, ba ta taɓa karyewa a kansu ba. Farin katako kuwa shi ne kowace koyarwa mai daɗin ji da aka sassaƙa jiya, ake tallarta yau, wai ba wahala, ba tuba, sai albarka kawai. Mai tallarta zai ce muku tana da ƙarko, tana da inganci, za ta dawwama. Kalmomin nan ba su da nauyi a baki, kowa na iya furta su. Shekaru ne kaɗai ke da ikon ce wa abu mai ƙarko.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, wasunku sun fara jin kunyar addu'ar da uwayenku suka rene ku da ita. Kun daina addu'ar safe a gida don kada baƙi su ce ku 'yan ƙauye ne. Kun sa Littafin Allah a ƙasan akwati domin bangonsa ya tsufa. Ba ku same shi da laifi ba, launinsa kawai kuka ƙi. Ku lura kuma, ba a kan mai sayen katakon rufin ya faɗo ba. A kan wadda ta roƙe shi ya bari ya faɗo. In kun kware rufin gidanku, 'ya'yanku da tsofaffinku ne ke zaune a ƙarƙashinsa.

Saboda haka kowa ya koma gida yau ya leƙa bayan ɗakinsa, ya ga abin da ya zubar. In yana nan, ya ɗauko ya mayar tun sama ba ta haɗo ba. Mutumin nan ya sake ganin azarar mahaifinsa, amma a rufin wata ya gan ta, uwarsa na kwance da karyayyar ƙafa.